WUNI GUDA A BIRNIN MARAƊI: YADDA NA JE SAYEN LEFEN YAYANA

Da yawanku kun aiko kuna tambaya wai ina na shige kwana biyu, to ga ni na dawo, kuma na zo muku da tsarabar wata tafiya da na yi zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a watan Disamba na 2024, wadda har yau in na tuna ta sai in yi dariya, wani lokacin kuma in ji ƙwalla ta cika mini ido.

Dalilin tafiyar dai shi ne an sa wa Yayana wanda nake bi ranar aure, sai maganar lefe ta taso. Ummanmu ta kafe a kan ita fa lefen ɗanta na fari sai an je Maraɗi, domin nata lefen daga can aka haɗo shi, kuma har gobe tana da wani zane a ƙasan akwatinta da take cewa ko sau ɗari aka wanke shi ba ya zuba. Ta sa na rubuta abubuwan da za a sayo a takarda, ta ƙirga kuɗin adashin da ta ɗauka ta haɗa da na Yaya, ta ɗaure a leda ta ce in sa a lalita in ɗaura a ƙugu.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ya fi na farko nauyi. Gwaggonmu, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya, aure ya kai ta Maraɗi fiye da shekara talatin. Maigidanta Allah ya yi masa rasuwa a ƙarshen daminar 2023, lokacin kuwa iyaka a rufe take ruf, saboda juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli na shekarar. Ta waya kawai aka yi mata ta'aziyya, ta yi takabarta ta gama babu ko mutum ɗaya daga gidan ubanta da ya taka ƙofarta. Da aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024 kuma ciwon ƙafa ya riga ya zaunar da Baba. Daren da za mu tafi ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Ki gaya mata ban manta da ita ba, ki ce ta yafe mini." Bai ƙara komai ba, ni ma ban iya ɗaga kai na dube shi ba.

Ranar Litinin muka zaɓa, domin Gwaggo ta ce Litinin da Juma'a ne kasuwar Maraɗi ta fi cika. Ƙarfe 7 na safe muka bar Katsina ni da Yaya a motar haya, ga hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari kai ka ce hayaƙi. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, wato ya fi Kano kusa da mu nesa ba kusa ba, amma kun ji ni ban taɓa zuwa ba sai a wannan rana. Muka wuce Daddara, gonaki duk an girbe sai karan dawa a tsaye, muna tafe muna tsayawa a shingen jami'an tsaro ana leƙa mota ana cewa mu wuce. Ba boyayyen abu ba ne yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, shi ya sa kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a, direban kuma tun a tasha ya ce wa Yaya, "In za ku dawo yau, kada la'asar ta same ku a Maraɗi."

Wani dattijo da ke gaba shi ya yi ta ɗebe mana kewa da zancen jirgin ƙasan da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, wanda zai taso daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya dire a Maraɗi, tsawon kilomita 284. Lokacin da muka wuce aikin bai kammala ba. Ya ce shi dai fatansa Allah ya ja kwanansa ya shiga ko sau ɗaya ne, aka ce amin.

A Magama ta Jibiya muka sauka. Nan ne bakin iyaka, manyan motoci sun yi layi, ga masu babura, ga 'yan dako, ga 'yan mata masu tallar gyaɗa da rake, ga 'yan canji kowa da damin kuɗi a hannu yana kaɗawa. Muka nuna takardunmu, aka tambaye mu inda za mu da abin da zai kai mu, aka sallame mu. Ni fa a zatona zan ga wata doguwar katanga ko babban kogi da ya raba ƙasa da ƙasa, ashe titi ne kawai ya miƙe, geron da ke wannan gefe shi ne a wancan gefe, mutanen ma su ne dai. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin a takarda a farkon ƙarnin da ya wuce, suka raba ƙasar Katsina biyu, wa ya tashi a Nijeriya ƙane ya tashi a Nijar. Wannan iyakar ta sha rufewa, don ko kafin ta 2023 an rufe ta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022.

A wurin canji ne jikina ya fara sanyi. Na kwance lalita na miƙa wa Yaya ledar nan mai kauri, aka ƙirga aka danna lissafi, sai ga ɗan canji ya miƙo mana wasu 'yan takardu da ba su fi a ninke a sa a aljihun gaba ba. Na ce, "Malam ina sauran?" Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya ke nan, ai shi ke nan." A ranar sefa 1,000 ta haura naira 2,000. Umma kuwa lissafin zamaninsu ta yi, lokacin da naira guda take sayen sefa da yawa, mutumin Nijeriya in ya shiga kasuwar Maraɗi har rububinsa ake yi. Na dubi takardar da na rubuto na dubi kuɗin, na dubi Yaya, shi ma ya kau da kai.

Muka shiga wata motar zuwa Ɗan Isa inda ma'aikatan Nijar suke, nan na fara jin ana cewa duwan maimakon kwastan, ga jandarmomi da kakinsu daban da na namu. Allunan gefen titi duk suka koma Faransanci. Direba ya nuna mana hanyar da ta ratse zuwa Madarumfa, garin da ke da babban tafki da kaburburan waliyyai da ake zuwa ziyara, na so ƙwarai a ce mun leƙa amma lokaci ba namu ba ne.

Wajen ƙarfe 10 muka shiga Maraɗi. Gari ne babba mai faffaɗan tituna da itatuwan bedi a jere, ƙidayar 2012 ta ba shi mutum sama da 267,000, kuma shi ake kira cibiyar kasuwancin Nijar. Masu babura nan kabu-kabu ake ce musu, amma mu adaidaita muka hau zuwa gidan Gwaggo. To 'yan uwa, a nan na fara kwasar kunya. Da muka sauka mai adaidaita ya ce kuɗinsa dala ɗari, ni kuma da rawar kai na zaro ƙwandalar da aka rubuta 100 a jikinta na miƙa masa. Ya juya ta ya sake juyawa ya ce, "Wagga ai dala ashirin ce, 'yar Najeriya." Yaran unguwa suka bushe da dariya.

Bari in koya muku don kada abin ya same ku. A Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala guda kuwa sefa 5 ce. Duk lambar da kika ji an faɗa sai ki ninka ta sau biyar. Dala ashirin ita ce 100, dala hamsin 250, dala ɗari 500. In an kai 1,000 sai a ce jika guda, 5,000 jika biyar, 10,000 jika goma. Kakanninmu ma ai suna cewa jaka, amma su naira 200 suke nufi, don haka kada ki ji an ce jika goma ki ɗauka kin samu banza.

Muna yin sallama na hango wata tsohuwa a kan tabarma tana tsince wake, ta ɗago kai, wallahi sai na ga fuskar Baba sak, har ɗan karkata kan da yake yi in zai dubi mutum. Ta miƙe tana cewa, "Lale lale, mutanen Katsina! Kun taho lahiya?" Muka durƙusa muka gaishe ta, muka yi mata gaisuwar rashin da aka yi, sannan na isar da saƙon Baba kamar yadda ya faɗa. Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba, can ta sa gefen mayafi ta goge ido ta ce, "Mi ya yi mini da zan yahe mishi? Shi ya ruhe hanya?" Sai ga mu mu uku muna kuka a tsakar gida, har da Yaya da yake cewa shi namiji ne.

Aka kawo mana abin kari, shayi mai kauri da dogon burodin nan nasu mai ƙarfin ɓawo wanda suka gada daga Faransawa, an tsaga cikinsa an zuba soyayyen ƙwai da albasa. Tsawonsa ya kai kamu biyu, in kin gutsura sai kin ji ƙaras. Autar Gwaggo, wadda sa'ata ce, ita aka haɗa mu da ita ta zaga da mu gari. Hausarta kaɗai ta isa nishaɗi, makaranta ta ce lakwal, malami mushe, biro bik, kanti butik, in za ta ce e sai ta ce awo. Ita ma dariya take yi mini in na ce fura, wai hura ake cewa.

Ƙofar fada muka fara zuwa, filin da ake kira da sunan Ɗan Kasawa. Gaban ginin ya sha zayyana irin ta maginan Hausa, ga dogarai zaune a inuwa da manyan rawuna. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne jin ana kiran mai garin Sarkin Katsina. Na ce da 'yar uwata, "Ke, Sarkin Katsina ai a gida na baro shi." Wani dattijo da ke kusa ya ji, ya kira mu ya warware mini. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a 1807 birnin Katsina ya koma hannun Malam Ummarun Dallaje, sai gidan sarautar Haɓe suka fita suka yi arewa. Bayan 'yan shekaru Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi ya kafa gadon sarauta, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Daga cikin waɗanda suka gaje shi akwai Ɗan Baskore da ya yi suna wajen yaƙi. Kusa da su kuma akwai Tsibiri inda Gobirawa suka kafa tasu sarautar. Ya ƙara da cewa asalin garin a ƙasa yake bakin Gulbin Maraɗi, ambaliyar 1945 ce ta cinye shi aka hauro tudu, shi ya sa titunan suka miƙe sambal kamar an ja su da zare. Har unguwa gare su mai suna 'Yandaka kamar yadda muke da Ƙofar 'Yandaka a Katsina. Ni da na gama sakandare ban taɓa jin wannan a aji ba, gaskiyar Bahaushe da ya ce tafiya mabuɗin ilmi.

A hanyarmu ta kasuwa ta nuna mana titunan da aka gyara lokacin bikin Maraɗi Kwalliya na 18 ga Disamba 2015, ta kuma ba mu labarin jami'arsu mai sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo inda take burin shiga. Yaya shi kuwa zancen kokawa ya ja hankalinsa, don a Nijar ita ce sarauniyar wasanni, takobi ake ba wanda ya kada kowa, kuma ɗan Maraɗi ne, Kantu, ya fara ɗaukar takobin a 1975.

Kasuwa kuwa sai wanda ya gani. Layin 'yan atamfa daban, na 'yan shadda daban, na takalma da jakunkunan fata daban, waɗanda ake yi da fatar jar akuyar Maraɗi da ta yi suna har ƙasashen Turai saboda laushinta. Ga buhunan aya da riɗi da gyaɗa, ga dabino, ga kanwa, ga Buzaye da rawunansu sun baje sarƙoƙi da zobban azurfa, ga Fulani mata da ƙoren nono. Ƙamshin turaren wuta da humra ya haɗu da na kilishi, ni dai na rasa inda zan sa hancina.

Muka shiga rumfar wani Alhaji mai shadda na ciro takardata. Ya sauko da wata ruwan hoda mai sheƙi wadda in kin taɓa sai ta yi ƙara, na ce nawa, ya ce jika hamsin. Na yi lissafi a zuci na ga ta haura naira dubu ɗari, guda ɗaya tal, Umma kuwa uku ta rubuta. Muka fita muka zaga rumfa biyar, duk kusan haka ne. Atamfofin ma da na duba sai na ga wasu irinsu ne a kasuwar Katsina da Kantin Kwari, har namu sun fi sauƙi. Yaya ya jingina da bango ya yi tagumi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yanzu da wane ido zan dubi Umma? Su kuma can gidan me za su ce?" Tausayinsa ya kama ni, mutumin da ya shekara biyu yana tara kuɗin nan.

'Yar uwata ce ta fisge takardar daga hannuna ta ce, "Ku dakata. Abin da ke akwai gidanku ku bar shi, ku sayi abin da sai nan." Ta sa bik ta soke fiye da rabi. Muka koma wurin Alhajin farko, ta tsaya ta yi ciniki da shi kamar ana faɗa, shi yana albarka ita tana sallama, har ya rage jika biyar da ya ji Katsinawa ne kuma na aure ne, muka ɗauki shadda ɗaya mai kyau. Muka sayi takalma biyu da jaka ta fata, da turaren wuta da humra. A wurin wani Buzu Yaya ya tsaya cak a kan sarƙar azurfa mai siffar nan ta Agadas, ashe tun tuni amaryar ta taɓa ce masa tana sonta shi ne ya riƙe a ransa bai gaya wa kowa ba. Ko ciniki bai iya yi ba sai murmushi, mu muka yi masa. Na ce lallai Yaya an kamu, ya harare ni.

Bayan mun yi azahar muka koma gida muka tarar Gwaggo ta sa an yanka zabi. Aka kawo dambu da kwaɗon zogale da ya ji ƙuli, aka dama hura da nono mai sanyi a ƙwarya. Hurarsu ta fi tamu tsami kaɗan da yaji, ga gari, ludayi uku na sha na ji idona ya buɗe. Aka kuma ba ni cuku, wato busasshen nonon da ake yi fale-fale kamar takarda, ana ci da shayi ko a daka a hura. Na ba da dala ɗari biyu aka sayo mini na tsaraba da kilishi, wannan karon ban yi kuskuren lissafi ba.

Gwaggo ta sa aka buɗe kayan ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta dubi takardar da aka soke, ba ta ce komai ba ta shiga ɗaka. Sai ga ta da wani ƙunshi mai ƙamshin kafur. Turamen atamfa biyu ne 'yar Holan tsofaffin zubi ko ninkinsu ba a warware ba, da farin zanen saƙi. Ta ce marigayi ne ya sayo mata su, ta ajiye ba ta ɗinka ba har ta Allah ta kasance. Yaya ya ce, "Haba Gwaggo, wannan ai abin tunawarki ne." Ta daka masa tsawa ta ce, "Rufa mini baki! Ɗan wana za ya yi aure in bari a kai akwati da sauran wuri? Ka ce wa ubanka in Allah ya kai mu bikin ni da kaina zan taho." Ta rako mu har bakin titi tana riƙe da hannuna.

Ƙarfe 3 muka bar Maraɗi, muka tsallake Magama rana da sauranta, kiran magariba ya same mu a ƙofar gida. Umma ta fara faɗan ina sauran shaddodi, amma da ta warware atamfar Gwaggo ta shafa ta sai ta yi tsit, ta ce irin ta lefenta ce. Baba kuwa sau uku yana sa ni in maimaita masa abin da ƙanwarsa ta ce.

To 'yan uwa, ga 'yar shawara ga mai niyyar zuwa. Kada ki tafi sai da izinin iyaye ko maigida, kuma tare da muharraminki. Ki riƙe fasfo ko katin shaidarki da katin rigakafi, ki kuma tambaya tun daga gida wace takarda ake nema, domin Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025, ƙa'ida tana iya canzawa. Ki san farashin canji kafin ki rubuta abin da za ki saya, ki ƙirga kuɗinki a gaban ɗan canji. Kada ki yarda wani ya ba ki riƙon kaya a bakin iyaka komai tsufansa, don ba ki san abin da ke ciki ba. Ki fita da sassafe ki dawo da rana tsaka. In kina da dangi a can kuma, ki fara sauka wurinsu kafin kasuwa, zumunci a ƙafa yake.

Bikin Yaya an yi lafiya, Gwaggo ta cika alkawari ta zo ta kwana bakwai, ita da Baba suka raba dare suna hirar mutanen da. Amaryarmu kuma ranar kamu sarƙar Agadas ce a wuyanta. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba 'yan baya nagari, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ina jiran wasiƙunku.

Taku har kullum.